Tarihin da Ke Kwance a Gindin Adaka

Har gobe Bahaushe yana cewa wane ba shi da ko anini, ko kuma ya rantse cewa ba a ba shi ko sisin kwabo ba. Amma idan aka tare ɗalibai ɗari a harabar jami'a aka tambaye su kamannin anini, da wuya a sami biyar da suka taɓa riƙe shi a hannu. Kalmar ta rage a baki, abin da take nufi kuwa ya ɓace daga aljihu. Sai dai bai ɓace daga gidajenmu ba tukuna. Yana nan a gindin adakar kaka, cikin kumbo, cikin tsohon gwangwanin madara, ko a asusun da aka manta ba a fasa ba. A ganina, duk mai sha'awar tara tsofaffin sulalla daga nan ya kamata ya fara, tun kafin ya kashe ko naira ɗaya wajen dillali.

A Amurka masu wannan sha'awa sukan zazzage canjin da suka tara a kwalba su bi shi ɗaya bayan ɗaya, suna neman sulallan santi goma da na santi ashirin da biyar da aka buga kafin 1965, domin kashi 90 cikin ɗari na ƙarfensu azurfa ne. Mu a Nijeriya ba mu da wannan gata, tunda tsadar rayuwa ta kori tsaba daga kasuwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su kam har yanzu suna karɓar canji da dala-dalar sefa, don haka kowane yammaci suna iya duba abin da mai shago ya miƙo musu. Namu neman ya koma tono, kuma abin da tonon ke fitarwa ya fi tsufa.

Wanda ya yi sa'a zai ci karo da kuɗin zamanin Turawa mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida: kwabo, da ɗari, wato rabin kwabo, da anini, wanda goma ke yin kwabo guda. An fara buga anini a 1907 da alminiyom, abin da ya sa ya shiga jerin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, kafin a sauya shi saboda bai jure yanayinmu ba. A duba shi da kyau, za a ga an rubuta darajarsa da haruffan Larabci. Turawan sun san cewa a wancan lokaci wanda zai karɓi kuɗin a kasuwar Kurmi allo ya karanta, ba boko ba. Wannan ɗan rubutu kaɗai ya ishi malami darasin sa'a guda a kan yadda mulkin mallaka ya lallaɓa ya shiga cinikin mutanen da suka saba ƙirga wuri.

Akwai wanda na fi so in nuna wa ɗalibai: kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus, kuma a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi mai sunansa a hannun jama'a ba. Amma a Afirka ta Yamma an sake shi, an sayi goro da gishiri da shi. An buga shi da yawa ƙwarai, saboda haka ba shi da tsada a wajen masana, kuma hakan ne ya sa ake iya samunsa a gidan talaka. Wanda ke da madubin ƙara girma ya nemi ɗan ƙaramin harafin H ko KN a jikin irin waɗannan kwabbai. Alama ce ta masana'antun Birmingham guda biyu da suka buga su.

Daga 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, sai sulallan suka koma ba da labarin noma. Taro mai kusurwa goma sha biyu yana ɗauke da auduga, sisi da koko, sule da bishiyar kwakwar manja, fataka kuma da gyaɗa. Da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, amfanin gona bai sauka ba, har ma kwabo ashirin da biyar ya zo da dalar gyaɗa irin ta Kano. Sai dai an sami baƙo: a jikin kwabo ɗaya, injinan haƙar man fetur ne suke tsaye. Idan aka jera waɗannan sulalla a kan tabarma, an jera tarihin tattalin arzikin ƙasar nan ke nan, daga lokacin da gona ke ciyar da baitulmali zuwa lokacin da rijiyar mai ta karɓe ragama. A 1991 sule biyar da naira ɗaya suka tashi daga takarda suka koma ƙarfe, nairar da hoton Herbert Macaulay. A 2007 aka fito da naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe iri biyu a haɗe, waɗanda jama'a suka yi wa kallon hadarin kaka. Su ma a ajiye su. Yaron da aka haifa bayan fitowarsu bai taɓa sayen alewa da su ba.

Aikin kansa ba ya bukatar jari. A shimfiɗa farin ƙyalle a wuri mai haske, a ware sulallan ƙasa-ƙasa, tunda ba a rasa halalar Saudiyya da alhazai suka dawo da ita, ko kuɗin Gana da na Kamaru da fatake suka shigo da su. Sannan a ware su shekara-shekara, a zaɓi wanda rubutunsa ya fi fita a kowace shekara. A riƙa kama su ta gefe. Babban abin da nake gargaɗi a kai shi ne wanki. Hannunmu ya saba da goge tukunya da toka da lemon tsami, kuma duk sulen da aka yi wa haka ya yi ƙyalli na kwana biyu, ya rasa fuskarsa har abada. Baƙin da shekaru suka shafa masa wani ɓangare ne na darajarsa. Ruwa da ɗan sabulu sun isa idan ƙasa ta manne, a shanya shi sarai, a sa kowanne a ƙaramin ambulan na takarda nesa da laimar damina. A bayan ambulan ɗin a rubuta shekara, da inda aka samo shi, da sunan mai shi na asali. Idan tsohuwar tana raye, a tambaye ta me taro ke saya a shekarar da aka yi mata aure, a rubuta amsarta. Wannan bayani babu kundin da ke ɗauke da shi.

Adakar kuwa tana da mai ita, don haka a nemi izini. Idan ta mamaci ce, abin da ke ciki gado ne komai ƙanƙantarsa, sai magada sun yarda.

Dole kuma in taɓo maganar kuɗi, domin nan ne ake yaudarar mutane. Lokaci-lokaci jita-jita kan tashi cewa wani tsohon kwabo yana ɗauke da sinadarin da ake saye da miliyoyi, sai ka ga magidanci ya sayar da akuya ya bi 'yan damfara. Gaskiyar ita ce mafi yawan abin da za a tono an buga shi ne da miliyoyi, kuma farashinsa bai taka kara ya karya ba. Hatta dalar azurfa mai hoton Mariya Tariza, wadda iyayenmu mata suke ratayawa a wuya, shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu. Sule da fataka na 1913 zuwa 1919 su ne azurfa ta gaske, kuma saboda haka ne maƙera suka narkar da da yawansu suka yi zobba da mundaye.

Abin da maƙera suka bari, yanzu 'yan gwangwan ne ke bi gida-gida suna saye a kan sikeli, tare da fasassun tukwane da tsofaffin batura. A wajensu aninin 1907 da murfin kwalba duk nauyi ne. Duk lokacin da aka rushe tsohon ɗakin soro don a yi ginin siminti, ko aka share ɗakin tsohuwa bayan sadakar arba'in, akwai gwangwanin da ke bin wannan hanya, kuma yawanci babu wanda ya buɗe shi ya ga abin da ke ciki.