Farar Ƙasar Ƙanƙara a Tsakanin Madubi Biyu



A 'yan shekarun nan, in aka ambaci Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a rediyo sai gaban mutum ya faɗi, don galibi labarin 'yan bindiga ne ke biyo baya. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Shirinmu na yau kan arzikin da ke ƙarƙashin ƙafar mutanen yankin ne, wato farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masana ke kira kawolin.

Da irinta ake yin tangaran da fenti da takarda, ana kuma fitar da alam na tace ruwa daga jikinta. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna aiki a kan ta Ƙanƙara, har suna mayar da ita ziyolait, sinadarin da matatun mai ke fasa ɗanyen mai da shi. Sai dai farin ido ba shaida ba ne. Buhu biyu za ka gani duk fari fat, ɗaya tsantsa, ɗaya cike da garin yashi. Cikin na'urorin da ke raba wannan gardama akwai wadda ake kira FTIR.

Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi ƙasar kamar miligiram ɗaya ko biyu, ya niƙa ta da wani gishiri na musamman, ya matse su su zama siririyar ƙwaya mai faɗin milimita 13 wadda haske ke ratsawa. Hasken kuwa ba wanda ido ke gani ba ne, infirared ne, wanda William Herschel ya gano a 1800 da ya ajiye ma'aunin zafi a gaba da jan launi ya ga yana hawa. Kusan kowane sinadari akwai zangon wannan haske da yake shanyewa, kuma da haka ake gane shi.

A cikin na'urar akwai gilashin da ke raba hasken gida biyu. Rabi ya nufi madubin da ke kafe, rabi ya nufi wanda ke matsawa gaba da baya, su dawo su haɗe. In tafiyarsu ta zo daidai sai su ƙarfafa juna, in ɗaya ya makara da rabin igiya sai su kashe juna. Albert Michelson ne ya fara ƙera wannan tsarin madubai a Jamus a 1881, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1907. Yayin da madubin ke tafiya, kowane zango na haske da irin saurin da yake kunnuwa yana mutuwa, duka kuma a lokaci guda suke faɗawa kan ma'auni. Abin da ke fitowa dogon tsini ne a tsakiya da ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe hagu da dama. Babu mahaluƙin da zai dubi wannan zane ya ce ga abin da ke cikin ƙasar.

Nan lissafi ke karɓar aiki. Bafaranshen nan Joseph Fourier ya nuna a littafinsa na 1822 cewa duk cakuɗewar igiya, ana iya warware ta zuwa sauƙaƙan igiyoyin da suka haɗu suka yi ta. Kunnenku na yin haka a gidan biki: kalangu da ganga da algaita duk a iska ɗaya suke zuwa, amma kuna jin kowanne daban. Lissafin ya fi ƙarfin alƙalami, sai a 1965 James Cooley da John Tukey suka fito da gajeriyar hanya a Amurka. Ɗigo 1,024 da a da ke cin lissafi fiye da miliyan ɗaya, ya koma kamar dubu goma. Zuwa 1969 an fara sayar da irin wannan na'ura a kasuwa.

To jama'a, ku ba ni hankalinku a nan, domin amsar da kwamfuta ke bayarwa ta dogara ga zaɓin da mutum ya yi. A zanen da kwamfutar ke fitarwa bayan lissafin, kawolin mai kyakkyawan tsari na da alamomi huɗu a jere, wajen igiyoyi 3,695 da 3,669 da 3,652 da 3,620 a santimita guda. Biyun tsakiya 17 kacal ne tsakaninsu. In bambancin tafiyar hasken ya kai rubu'in santimita, na'urar na iya raba abin da ke da tazarar 4, sai su fito sarai. In aka gajarta tafiyar madubin don sauri, biyun nan sai su narke su zama ɗaya, a yi wa ƙasa mai daraja shaidar maras tsari. Sannan madubin dole ya tsaya a wani wuri, kuma wannan yankewar ta farat ɗaya tana haifar da alamomin ƙarya a gefen na gaskiya. Maganinsu shi ne a sassauta gefunan zanen su sauka a hankali kafin a yi lissafin, amma in an zarce, alamomin su yi faɗi su sake haɗewa. Ana kuma maimaita awon a haɗa, sau 16 na rage hayaniya ninki huɗu. Da damina ga wata matsalar: tururin ruwan da ke cikin iska a yankin alamomin nan huɗu yake shan haske, gishirin ƙwayar ma yana jan laima. Shi ya sa ake fara auna iskar zalla a cire ta.

In an yi aikin da kyau, zanen na bayyana abubuwa da yawa. Yashi na tona kansa da tagwayen alamomi wajen 798 da 780. In an gasa ƙasar ta haura digiri 600, alamomin nan huɗu sai su ɓace, shaidar cewa ta shirya a fitar da alam ko ziyolait.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ga ɗalibi ya karɓi zane ya liƙa a kundinsa bai tambayi yadda aka saita na'urar ba, shi kuma wanda ya sha rana ya haƙo ƙasar ya sayar ba tare da takardar da ke faɗin darajarta ba. Mai saye da ya auna shi zai yanka farashi. Ina fatan 'ya'yan yankin da ke karatun lissafi da kimiyya su riƙi wannan fanni da gaske.

Manoman masara na Faskari da Sabuwa ma abin ya shafe su. A cibiyar ICRAF da ke Nairobi, da irin wannan haske ake ƙiyasta tsamin ƙasar gona da laka da sinadarin kabon da ke cikinta, cikin mintoci. Amma ƙiyasin yana yin daidai ne in an riga an horar da lissafin da samfuran ƙasa irin ta wurin, waɗanda aka ɗebo gona-gona aka auna ta tsohuwar hanya aka ajiye sakamakonsu.