Magana ta Tara: Yadda A Ke Koyar da Masu Gyaran Ɗabi'a

 

Hausawa sun ce hali zanen dutse. Mu mutanen Birnin Kudu ba sai an fassara mana wannan karin magana ba, gama zanen dutsen yana nan kusa da mu. Wanda ya je Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ya ga shanun nan da mutanen dā suka zana, ya san damina nawa ta wuce ba su goge ba. To, sau da yawa in mun ce wa mutum ya wanke hannu da sabulu, ko ya haƙa salga, bai yi ba, sai mu ma'aikatan lafiya mu ce, "Ai hali ne," mu naɗe tabarma mu koma gida. Alhali kuwa yawancin abin da mu ke kira hali, sabo ne kurum, sabo kuma ya kan sake. Akwai ilmi na musamman a kan wannan, ana ce da shi nazarin ɗabi'a, ana kuwa koyar da shi a jami'a. Yau zan gaya muku yadda a ke koyar da shi, da abin da ya wajaba a kan shugaban da ke riƙe da ajin.

Abin da ya same ni

Sa'ad da na fara aiki, an kai ni wani ɗan ɗakin shan magani a ƙasar Gwaram. Damina ta sauka, gudawa ta kama yara. Na tara mata a gindin tsamiya, na yi sa'a guda ina bayani a kan ƙwayoyin cuta, na raba musu fakitin gishiri da sukari. Suka ce, "Madalla, Malam, mun gode." Na koma ina murna.

Bayan mako uku sai ga wata mace da ɗanta a baya, idonsa ya faɗa, bakinsa ya bushe. Na ce, "Uwar yaro, ina maganin da na ba ki?" Ta ce, "Malam, na dama masa a ɗan kofi, ya ƙi sha, na bari." Fakitin da za a zuba cikin lita guda na ruwa, ta zuba a kofin shayi. Sai da aka yi wa yaron ƙarin ruwa kwana biyu kafin ya farfaɗo. Laifin nawa ne. Na faɗa mata, amma ban dama a gabanta ba, ban kuma sa ta dama a gabana ba.

Mene ne nazarin ɗabi'a?

Wani malami Ba'amurke, B. F. Skinner, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Harvard, shi ya kafa harsashin wannan ilmi, ya wallafa littafinsa na farko a kai a 1938. Ya kan sa ɓera cikin akwati mai ɗan ƙarfe a jikinsa. In ɓeran ya danna ƙarfen, sai abinci ya faɗo. Ba da daɗewa ba ɓeran ya riƙa dannawa. Da aka daina sako abincin, sannu a hankali ya bari. Daga nan aka gane cewa kowane aiki yana tsakanin abu biyu, watau abin da ya zo gabansa ya tuna wa mai yi, da abin da ya biyo bayansa. In abin da ya biyo baya mai daɗi ne, kuma ya zo nan da nan, aikin ya kan yawaita.

Mutum ba ɓera ba ne, amma dokar ta shafe mu. A 1968 malaman Jami'ar Kansas suka fara fitar da mujallar da ke buga yadda a ke amfani da wannan ilmi ga mutane. A fitowarta ta farko an ba da labarin waɗansu 'yan firamare masu yawan wasa a aji. Aka ce wa malamansu su riƙa zuwa wurin yaro su yaba masa sa'ad da ya ke karatu, su ƙyale shi sa'ad da ya ke shiririta. Karatu ya ƙaru. Aka daina, ya ragu. Aka komo, ya sake ƙaruwa. Da haka aka tabbata yabon ne ya yi aiki.

Ku duba wanke hannu. Sakamakonsa lafiya ce, amma lafiya ba ta zuwa nan take, ba a kuwa ganinta da ido. Wahalar neman ruwa da sabulu ita ce ke zuwa nan take. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba ya isa. Sai an ajiye buta da sabulu a bakin salga inda ido zai faɗa musu, sa'an nan a sami wanda zai ce wa yaro "madalla" sa'ad da ya wanke.

Yadda a ke koyarwa a jami'a

Ɗaliban wannan aji ba yara ba ne. Sun riga sun sami digiri na farko, sun komo neman na biyu. Waɗansu za su yi aiki da yaran da ba su iya magana ko cin abinci da kansu ba, waɗansu a makarantu, waɗansu a asibitoci.

Abu na farko da a ke koya musu shi ne ƙidaya. Ba a yarda ɗalibi ya ce, "Mutanen ƙauyen nan ba su da tsabta." Sai a ce masa, "Me ka gani? Sau nawa?" Tilas ya koma ya zauna, ya ƙirga, misali, cikin yara ashirin da suka fito daga bayan gida, nawa suka taɓa sabulu. Ya rubuta kullum kafin ya gyara kome, ya rubuta bayan ya gyara. In lissafin bai motsa ba, dabararsa ce za a sake.

Abu na biyu shi ne matakan koyarwa guda huɗu. Ka faɗa, ka nuna, ka sa mutum ya yi a gabanka, sa'an nan ka yaba abin da ya yi daidai ka gyara kuskurensa. A maimaita har ya iya. Da na san wannan a gindin tsamiyar nan, da na kawo gora mai cin lita guda, na zuba ruwa mai tsabta, na juye fakitin duka, na motsa. Da kowace mace ta yi da hannunta, ta kuma faɗa mini da bakinta cewa abin da ya kwana ya yini zubarwa a ke yi, a dama sabo.

Abu na uku shi ne aiki a ƙarƙashin idon gwani. A Amurka akwai hukumar da ke ba da takardar shaidar wannan sana'a, an kafa ta a 1998. Ba ta ba mutum babbar takardarta sai yana da digiri na biyu, ya yi aikin sa'a 2,000 wani gwani yana lura da shi, ko 1,500 in lurar ta fi tsanani, sa'an nan ya ci jarrabawa.

Aikin shugaba

Yanzu ga nauyin da ke kan shugaban ajin. Maganar ta shafi mai koyarwa a Kansas, ta kuma shafi malaman kwalejin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, da na makarantar ma'aikatan lafiya ta Jahun, da kowane babban ma'aikaci da aka ba ƙanana su koyi aiki a hannunsa.

Na ɗaya, ya yi wa ɗalibansa abin da ya ke so su yi wa jama'a. Malamin da ke koyar da amfanin yabo da tsawa, tsawar za su koya. Ya yaba da wuri, ya faɗi takamaiman abin da ya yaba, ya yi gyara a keɓe.

Na biyu, ya auna makarantarsa da abin da ɗalibai ke iya yi a bakin aiki. Takardar jarrabawa tana nuna abin da ɗalibi ya haddace kurum.

Na uku, kada ya ɗauki ɗalibai fiye da waɗanda malamansa za su iya bi su duba. Ɗalibin da ba a duba shi, kuskurensa zai zama sabo, ya kuma koya wa wani.

Na huɗu, ya tsare mutuncin mutane. Ilmin da ke sake ɗabi'a wuƙa ce mai kaifi. Ba a taɓa yaro sai da yardar iyayensa, ba a shiga gida sai da izinin maigida. Tsoratarwa ta kan sa mutum ya ɓoye abin da ya ke yi har duba-gari ya wuce, sa'an nan ya koma.

Na biyar, ya san ƙasar da ɗalibansa za su yi aiki. Abin da ke faranta ran mutumin Kansas daban ne da na mutumin Gwaram. A nan, kalma guda ta yabo daga bakin dagaci ko liman a gaban jama'a ta fi kyauta mai tsada.

Shaida daga ƙasarmu

Manyanmu sun san kurkunu. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da ita a Nijeriya. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka koya wa mutum guda a kowane ƙauye ya nuna yadda a ke tacewa, ya hana mai ciwon shiga tafki, ya kai lissafi kowane wata. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da ita.

Ga kuma na gida. A watan Oktoba na 2022 aka bayyana Jigawa jiha ta farko a Nijeriya da ta bar yin bahaya a fili, dukan ƙananan hukumominta 27, har da Birnin Kudu da Gwaram. Ma'aikata suka riƙa zagawa da mutanen gari su ga ƙazantar da idonsu, su ga ƙudan da ke tashi daga kanta zuwa tuwo, mutanen kuma suka haƙa salga da kansu.

Amma ku tuna da ɓeran nan. Aikin da aka daina kula da shi ya kan mutu. Salga ta kan rufta da damina, buta ta kan fashe. Ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba, wanda ya ci rayuka da yawa a jiharmu. In aka daina zagawa ana yabawa, tsohon sabo yana nan yana jira.

Saboda haka, maigida, kai ne shugaban ajin gidanka. Daren nan ka ajiye buta da sabulu a bakin salga. Ka wanke hannunka yara suna gani. Wanda ya yi, ka yaba masa nan take. Uwargida kuma, in ma'aikacin lafiya ya ba ki magani, ki ce masa, "Malam, nuna mini, in yi a gabanka."

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan yadda a ke gyara salga kafin ruwa ya sauka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai an jima.