Kafin a Sayo Kwamfuta, a Fara da Shawara



Yanzu madarisu da dama a nan N'Djamena suna son shigo da kwamfuta da majigi cikin karatu. Abu ne mai kyau. Manhajar Maktaba Shamila kaɗai tana ɗauke da dubban littattafan tafsiri, hadisi, fiƙihu da nahawu. To amma sau da yawa sai a tara kuɗi a sayo kaya, bayan wata shida ka tarar da su a rufe, ƙura ta lulluɓe. Me ya jawo? An sayo ne ba a tambayi masu amfani da su ba.

Shawara sunna ce. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Salmanul Farisi (RA) ya kawo dabarar haƙa rami, wadda Larabawa ba su saba da ita ba. Annabi (SAW) ya karɓa, kuma ya yi haƙan tare da sahabbai. Shugaban makaranta ma sai ya fara zama gaban na'urar kafin ya umarci wani.

Na farko, malamai. Wani dattijo yana tsoron a ce na'ura ta maye gurbinsa. A faɗa masa a fili: Alƙur'ani daga bakin malami ake karɓarsa, na'ura mataimakiya ce kawai. Sannan a saurari ƙorafinsu. Yawancin manhajojin waya da ruwayar Hafs suke zuwa, alhali almajiranmu da yawa Warshu suke karantawa. Idan ba a zaɓi mai Warshu ba, yaro zai rikice. A kuma koyar da malamai da Larabci, kada a tilasta musu Faransanci.

Na biyu, iyaye. Su ne masu biyan kuɗi, kuma tsoronsu kan abin da yara ke gani a intanet gaskiya ne. A tara su bayan La'asar, a nuna musu darasi ɗaya da idonsu, a bayyana kowane sefa inda zai tafi.

Na uku, kwamitin masallaci. Wa zai sayi sola da batir saboda ɗaukewar wuta? Wa zai gyara idan zafin Afrilu ya lalata na'ura? A rubuta sunan mai alhakin tun farko.

A fara da aji ɗaya, zango ɗaya. In malamai sun ga amfani, su da kansu za su nemi ƙari.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.