"Ai yaro ne": Shekararsa 28, har yau ba a yarda ya girma ba

Wata Asabar muka shiga tirotiro daga Aboabo za mu kasuwar Kejetia, ni da ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata. Yaron mota ya zo karɓar kuɗi, sai ya nuna shi da haɓa ya ce mini: "Malam, yaron naka fa, kai za ka biya masa?" Shi mai maganar bai wuce shekara 19 ba. Wanda ya kira yaro kuwa shekararsa 28, ya yi shekara tara yana gyaran wayoyin mota a Suame Magazine, kuma tun daga gida ya ce shi zai biya mana.

Ƙanena bai ce uffan ba. Ya zaro kuɗin, ya ƙirga sau biyu kamar yadda ya saba, ya miƙa, ya mayar da fuskarsa taga. Sai da muka sauka ya ce: "Yaya, ni ma wani lokaci ina jin kamar shekarata 15. Amma na san ba 15 ba ne."

Ƙanena yana da otizim. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya ba ni izinin ba da labarinsa, don a kusan kowane zango akwai irinsa.

Mene ne otizim?

Wani bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun mutum yana ƙarami. Yana shafar yadda yake magana da mu'amala da jama'a, da yadda yake jin ƙara, haske, wari da taɓin jiki. Mai shi yakan so tsari ɗaya kullum, kuma yakan ƙwallafa rai a kan wani abu har ya san shi ciki da waje. A rediyo za ka ji ana ce masa galahanga, sai dai kalmar tana haɗa larurori daban-daban a kwando ɗaya, shi ya sa na fi son in kira shi da sunansa.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi dalla-dalla a 1943, bayan ya duba yara 11. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya shi ne kusan yaro 1 cikin 100. Wasu ba sa magana sam kuma suna bukatar mai kula da su har ƙarshen rayuwa. Wasu sun yi jami'a, sun yi aure, suna da 'ya'ya. Ba maita ba ce, ba aikin aljanu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba ne. Abin da muke yawan mantawa shi ne, yaro mai otizim yana girma ya zama babba mai otizim.

Me ya sa ake ganinsu kamar yara?

Manya masu otizim da yawa a ƙasashe daban-daban suna ba da labari iri ɗaya: ana rage musu shekaru biyar ko goma a ido. In ka lura da kyau, ba da ƙashi da tsoka kawai muke auna shekarun mutum ba. Muna aunawa da tafiyarsa, da suturarsa, da muryarsa, da yadda yake gaisuwa.

Ɗauki sutura. Saurayin zango mai shekara 28 ran Juma'a za ka gan shi cikin shadda mai sitaci, da hula, da turare. Ƙanena shadda tana cizonsa kamar ƙaiƙayi, turare kuma yana sa masa ciwon kai. Riguna uku masu laushi yake juyawa, duk iri ɗaya. Wannan ba rashin sanin ya kamata ba ne, fatarsa ce take jin abin da tawa ba ta ji.

Ɗauki gaisuwa. Mu babba shi ne wanda zai tsaya ya tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, ya san inda ake jan magana da inda ake sakinta. Shi kuwa "lafiya lau" ɗaya zai ce ya tsaya, idonsa a ƙasa. In abu ya faranta masa rai sai ya kaɗa hannuwa ko ya riƙa jijjiga jiki. In ka tambaye shi ra'ayinsa zai faɗa maka gaskiya tsirara, ba kwana-kwana. Duk waɗannan a wajenmu alamun yarinta ne.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To a nan karin maganar takan ba mu kunya. Fuskar mai otizim sau da yawa ba ta motsi yadda muka saba gani, muryarsa takan tafi a miƙe babu hawa da sauka. Kana kallonsa ka ce ba abin da ya dame shi, alhali ya kwana yana lissafin kuɗin haya.

Su ma suna jin haka

Maganar da ya faɗa mini a Kejetia ba ta bar ni ba, don haka na sake tambayarsa. Ya ce: "Abokaina na makaranta duk sun yi aure. In na zauna da su wajen ataya, maganarsu ta mata ce da fili da siyasa. Ni ina son in yi maganar injin. Sai in ji kamar kowa an ba shi wani littafi ya karanta, ni ba a ba ni ba."

Haka ne. Mutum yakan san shekarunsa ta hanyar kwatanta kansa da sa'o'insa. Wanda aure da aiki da barin gidan iyaye suka zo masa a makare, dole ya ji kamar an bar shi a baya. Ga shi kuma abin da yake so tun yana ƙarami bai sake shi ba. Har gobe ƙanena yana da motocin gwangwanin madara da ya ƙera yana ɗan shekara goma, a jere a kan taga. Mutane na dariya, sun manta cewa waɗannan motocin ne suka kai shi ga sana'ar da yake ci da ita.

Akwai kuma wani abu da masana suka daɗe da tabbatarwa: iyawar mai otizim ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa. Zai iya yin fice a wani fanni, ya yi rauni ƙwarai a wani. Ƙanena zai saurari mota ya gaya maka wayar da ta ƙone, amma in aka canja masa hanyar zuwa aiki ba tare da an sanar da shi ba, ranar ta lalace ke nan. Shi ya sa wata rana yakan ji shi dattijo ne a cikin sa'o'insa, wata rana kuma ya ji shi ɗan firamare ne.

Kuskuren da muka koyo a aji

A kwalejin horar da malamai an koya mana abin da ake kira shekarun hankali. Asalinsa daga Faransa ne, inda Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka fito da wata jarrabawa a 1905 don gano yaran makaranta masu bukatar ƙarin taimako. Don yara aka yi ta, don a taimake su. Amma sai maganar ta fita daga aji ta shiga gari, har ka ji ana cewa wane shekararsa 30 amma hankalinsa na ɗan shekara goma ne. Ni kaina na sha faɗin haka a farkon aikina, kuma ina nadama.

Ɗan shekara goma bai binne mahaifinsa ba. Bai shekara tara yana tashi da asuba zuwa wajen aiki ba. Ba ya sha'awar mace, ba a taɓa cinye masa kuɗin aiki ba. Lamba ɗaya ba ta isa ta ɗauke rayuwar mutum.

Abin da ake rasawa

Da a ce abin ya tsaya a yaron mota, da da sauƙi. Mahaifin ƙanena ya rasu shekara shida da suka wuce. Aka raba gado, kowa ya karɓi nasa, har da ƙanwarsa da ya girme ta da shekara biyar. Nasa kason sai baffansa ya riƙe. Duk lokacin da mahaifiyarsa ta yi magana, amsa ɗaya ce: "Ai yaro ne, me zai yi da kuɗi?" Ba na zargin baffan da cin amana, tsoro ne yake yi kar a yaudare shi. Amma shekara shida ba wanda ya zaunar da mai haƙƙin ya tambaye shi me yake so.

Haka aka yi da ya nuna yana son wata yarinya. Kafin a ji ta bakinta, manyan gida sun riga sun mayar da abin wasa.

Ga wani haɗarin kuma, musamman ga 'yan mata. Wadda ake ɗauka yarinya ce ba a gaya mata komai game da jikinta, da maza, da yadda ake cewa a'a. Alhali mai otizim yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, ba ya saurin gane mayaudari. Ɓoye mata ilimi ba kariya ba ne, buɗe wa mugu ƙofa ne.

Mutum na farko a jerin Kanner

Yaro na farko a cikin 11 ɗin da Kanner ya duba sunansa Donald Triplett, haifaffen wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisifi, a 1933. Yana ƙarami aka kai shi wani gidan kula da yara, bayan kusan shekara guda iyayensa suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu har kwaleji, ya koyi tuƙi, ya yi aiki a bankin garinsu shekaru masu yawa, ya zaga ƙasashen duniya shi kaɗai. Har ya tsufa yana raɗa wa mutane lambobi a madadin suna, yana harbinsu da roba don wasa. Mutanen garin ba su ce sai ya daina wasan kafin su ɗauke shi babba ba. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Yadda muka warware tamu

A bara muka kai maganar gadon gaban limamin unguwarmu. Ya tuna mana aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora miƙa wa maraya dukiyarsa a kan balaga da kuma gwaji, a ga ko ya iya riƙe ta. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun fassara wannan da iya tattalin dukiya. Sai ya juya ga baffan: "Alhaji, kun gwada shi?" Shiru.

Aka ba shi kashi ɗaya cikin huɗu, aka ce a ga wata shida. Ya sayi na'urar gwada wutar mota da kayan aiki, ya rubuta kowace sidi a littafi. Da aka sake zama, littafin nasa ya fi na kowa tsari. An ba shi saura, da sharaɗin da shi da kansa ya kawo: ba zai ba kowa rance ba sai ya yi shawara da ni ko mahaifiyarsa, don ya san nan ne rauninsa.

Ba kowane mai otizim ne zai iya haka ba. Akwai wanda zai bukaci waliyyi har abada, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a gwada kafin a yanke hukunci, kuma ko wanda ba ya magana a yi masa magana irin ta manya, a daina tattauna shi a gabansa kamar ba ya nan.

Ga iyayen da suke ganin alamu a 'ya'yansu, manyan asibitoci irin su Komfo Anokye a Kumasi da Korle Bu a Akara suna da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. A Akara akwai cibiyar AACT da Serwah Quaynor, uwar wani mai otizim, ta kafa a 1998. Dokar masu bukata ta musamman ta 2006, wato doka mai lamba 715, ta hana nuna musu wariya, kuma tsarin ilimin bai-ɗaya na 2015 ya ba yaranmu damar zama a aji ɗaya da sauran yara. Mu malamai kuma, na boko da na allo, aikinmu ne mu daina kiran almajiri dolo don bai kalle mu a ido ba.

Makon jiya na biya ta Suame da rana. Na tarar da wani direban babbar mota, mai furfura a gemu, yana tsaye yana jira. Ƙanena yana ƙarƙashin sitiyari cikin rigarsa mai laushi, yana ɗan jijjiga kai kamar kullum. Direban ya sunkuya ya ce: "Maigida, yaya ake ciki?" Bai ɗago ba ya amsa: "Minti goma." Da minti goman ta cika, motar ta tashi.