Rage Huɗa a Fadamar Shinkafa: A Bar wa Auduga Ƙarfin Shanu

Kowa ya sani da ruwan shuka ya sauka aiki biyu ke haɗuwa mana, ga gonar auduga, ga fadamar shinkafa, shanun huɗa kuwa biyu ne tak, sun fito daga rani a rame. Wanda ya tsaya huɗar fadama sau biyu ya makara ga shukar auduga, audugar makara kuwa ba ta nauyi a sikeli.

To, ku dubi lissafin nan. Garmar shanu tana yanka faɗin santimita 20. Kafin ta gama hekta ɗaya, sai shanu da mai riƙo sun yi tafiyar kilomita 50. In zurfin huɗa ya kai santimita 15, ƙasar da suka juya ta kai wajen tan 2,000. Amma garma mai haƙora, wadda faɗinta ya kai santimita 60, kilomita 17 ta ishe ta. In aka tsaga ƙasa santimita 5 kaɗai, sulusin waccan ƙasa aka taɓa. Haka yake ga tarakta, iyakar zurfin huɗa da yawan kewayawa, iyakar man da za ta sha, mai gona ne kuwa zai biya.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. A arewacin Kamaru, tun farkon shekarun 2000 kamfanin SODECOTON ya yi gwajin shuka cikin busasshiyar ciyawa ba tare da huɗa ba.

Ga yadda za a yi:

1. Kada a ƙone bambaron shinkafa. Shi ke riƙe laima, in ya ruɓe ya zama taki.
2. A bari ruwan fari ya tsirar da ciyawa, a kashe ta tana ƙarama, sa'an nan a shuka a layi.
3. A yi noman fari da wuri, gama ciyawa ta fi yawa inda ba a yi huɗa ba.
4. Kada a zuba maganin ciyawar auduga a shinkafa sai an tambayi malamin gona. Wani yakan kashe ta.

Amma fa fadamar da tofa ko ƙiri-ƙiri suka kama, ko wadda ke da tudu da kwari, sai an huɗe ta an baje tukuna.

Bana kowa ya gwada a gefe guda na fadamarsa, ya ƙirga kwanakin aiki da buhunan da ya samu, mu gwama da kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.