Bisimilla Kafin Alwala: Lafazinta da Matsayinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin famfon masallaci daf da sallar Magariba ya san irin gardamar da kan ɓarke a wurin. Wani zai ga ɗan'uwansa ya tsuguna da buta ya kama wanke hannu bai ji ya ce komai ba, sai ya ce masa alwalarsa ba ta yi ba, ya sake. Wani kuma ya kai ga wanke ƙafa, sai ya tuna bai yi bisimilla ba, ya koma farko, har liman ya yi ruku'u yana nan yana fama. Wannan ne ya sa na ga ya dace a ɗan duba abin da ake faɗi kafin alwala, da matsayin da malaman fiƙihu suka ba shi, musamman a mazhabar Malikiyya wadda littattafanta ne aka fi karantawa a zaurukan ƙasar Hausa.

Kafin a shiga hukunci, yana da kyau a dubi kalmomin. Alwala, ko alwalla a bakin wasu, ararriyar kalma ce daga Larabci, watau al-wudu'u. Bahaushe ya haɗe "al" ɗin da ke farkonta ya mai da shi jikin kalma, kamar yadda ya yi wa albasa da alƙali. Sa'an nan harafin nan mai nauyi da almajirai ke kira lodi ya koma "l", kamar yadda ya koma a cikin alƙali, da farilla, da lalura, da haila. Ita kuwa bisimilla ta daɗe da zama 'yar gida. Da ita ake kiran baƙo ga akushi, da ita ake nuna masa tabarma, da ita ake ba mutum izinin ya fara magana. Saboda yawan amfani da ita a wuraren nan, mai magana kan manta cewa jumla ce mai ma'ana. Malaman nahawu sun ce akwai aikatau da aka sakaya a cikinta, wanda kowane mai aiki ke cikewa da aikin da ke gabansa. Mai alwala idan ya faɗe ta, abin da yake nufi shi ne da sunan Allah nake yin alwala.

To, ita ce addu'ar da ake yi kafin alwala. A haƙiƙa ambaton Allah ce da neman albarka, ba ta ƙunshi roƙo a lafazinta ba, amma a Hausa kalmar addu'a ta game duk wani zikiri da aka tsara wa wani aiki ko wani lokaci. Ana faɗinta ne a farkon farawa, lokacin da za a wanke hannuwa zuwa wuyan hannu. Malamanmu sun kasu biyu game da tsawonta. Wasu sun ce a tsaya ga "Bismillahi" kawai, wasu sun ce a cika ta da sunayen nan biyu na rahama. Duk wanda mutum ya yi ya wadatar.

Ya kamata a rarrabe ta da niyya, domin yara da yawa, har da manya, sukan cakuɗa su. Niyya farilla ce, wurinta kuma zuciya ce, lokacinta a Malikiyya shi ne wanke fuska, tun da nan ne farillan gaɓɓai suka fara. Wanda ya ƙudurta a ransa cewa zai kawar da hadasi, ko zai yi abin da zai halatta masa salla, ya yi niyya ko bai motsa leɓe ba. Wanda kuwa ya furta "nawaitu" da ƙarfi alhali hankalinsa na kasuwa, bai yi komai ba.

Dalibin da ya karanta Ahalari, littafin Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, ya san an ƙidaya farillan alwala guda 7: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da yin su bi-da-bi ba tare da dogon jinkiri ba. Bisimilla ba ta cikinsu. An kawo sunnoni, nan ma ba ta ciki. Sai a cikin mustahabbai aka ambace ta, tare da asuwaki, da ƙaranta ruwa, da gabatar da dama a kan hagu. Haka Shehu Halilu ya ajiye ta a cikin Muhtasar. Ma'anar mustahabbi kuwa sananniya ce: wanda ya yi yana da lada, wanda ya bari ba shi da laifi, aikinsa kuma bai ɓaci ba.

Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta ma fi sassauci. Ya ce waɗansu malamai sun ce mai alwala ya fara da ambaton sunan Allah, waɗansu kuma ba su ɗauki wannan a cikin abin da aka san magabata da shi ba. Asalin wannan magana ruwayoyi ne da suka zo daga Imamu Malik kansa. A wata ruwaya ya so a yi, ita ce kuma mazhaba ta tafi a kai. A wata ya bar wa mutum zaɓi. A wata kuma an ce ya yi mamakin abin, har ya tambaya ko yanka mutumin zai yi. Na tuna ranar da aka fassara mana wannan wuri a zaure, ɗalibai suka yi tsit, don ba wanda ya zaci irin wannan tambaya za ta fito daga bakin mai mazhaba.

Me ya kawo saɓanin? Dalilai biyu ne suka ja malamai, kowanne ta nasa gefe. Aya ta 6 a cikin Suratul Ma'ida, wadda ita ce tushen alwala, ta lissafa fuska da hannuwa da kai da ƙafafu, ba ta ambaci bisimilla ba. Haka kuma hadisin Sayyidina Usman da ke cikin Buhari da Muslim, inda ya sa aka kawo ruwa ya nuna yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake alwala, ya bi gaɓɓai ɗaya bayan ɗaya bai kawo ta ba. A ɗaya gefen kuma ga hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito daga Abu Huraira, Tirmizi kuma daga Sa'idu bin Zaid, wanda ya kore alwala ga wanda bai ambaci sunan Allah a kanta ba.

A kan wannan hadisi aka yi ta kai da kawowa. Tirmizi ya kawo cewa Imamu Ahmad bin Hambali ya ce bai san wani hadisi mai kyakkyawan isnadi a wannan babi ba. Waɗansu malaman hadisi kuwa sun ga cewa hanyoyinsa suna da yawa, sashe na ƙarfafa sashe, saboda haka suka karɓe shi. Ko bayan an karɓa, sauran ma'ana. Mafi yawan malamai sun ce abin da aka kore shi ne cikar lada, ba ingancin alwala ba. Bahaushe ma yana da irin wannan salo, kamar ya ce miyar da ba gishiri ba miya ba ce, alhali kuwa ga ta nan a tukunya ana ci da ita. Rabi'a, malamin Imamu Malik, ya fassara ambaton sunan Allah a nan da niyya, kamar yadda Abu Dawuda ya kawo. Daga ƙarshe Hanafiyya da Shafi'iyya suka ce sunna ce, Malikiyya suka ce mustahabbi ce, Hambaliyya suka ce wajibi ce ga wanda ya tuna, amma tana faɗuwa a kan wanda ya manta. Ke nan mutumin da ya manta, ya kuwa koma farko har ya rasa raka'a, ya ɗora wa kansa abin da Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya ba su ɗora masa ba. A ganina wanda ya cancanci a ja wa kunne shi ne mai yanke wa jama'a hukunci a bakin famfo, domin sau da yawa daga irin wannan gyara ne waswasi ke kama mutum, ya yi ta maimaita alwala yana ɓarnar ruwa, ɓarnar ruwa kuwa makaruhi ce.

Akwai kuma addu'o'in gaɓɓai, waɗanda tsofaffi da yawa suka hardace: a roƙi hasken fuska ranar Lahira wajen wanke fuska, a roƙi karɓar takarda da hannun dama wajen wanke dama, a roƙi tabbatar dugadugai a kan Siraɗi wajen wanke ƙafa. Imamu Gazali ya kawo su a cikin Ihya'u da Bidayatul Hidaya. Amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya ce ba abin da ya zo daga Annabi game da su, Ibnul Ƙayyim ma ya faɗi haka a cikin Zadul Ma'ad da kakkausan harshe. Ma'anoninsu masu kyau ne, sai dai bai halatta a jingina su ga Annabi ba, ko a koya wa yaro cewa suna cikin alwala. Abin da ya inganta shi ne na bayan gamawa, watau kalmar shahada. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa wanda ya kyautata alwala sa'an nan ya faɗe ta, za a buɗe masa ƙofofin Aljanna 8. A ruwayar Tirmizi an ƙara roƙon Allah Ya sanya mutum cikin masu yawan tuba da masu tsarkaka.

Sauran matsala ɗaya da ginin zamani ya kawo. A gidan gargajiya makewayi daban yake, mutum ya kama ruwa, ya fito da butarsa tsakar gida ko ƙofar zaure, ya sami dutse ko kututture ya zauna. A ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen bene kuwa famfo da masai suna ɗaki ɗaya, ambaton sunan Allah da baki a wurin biyan bukata kuma abin ƙi ne. Mafitar da malamai suka bayar ita ce mutum ya faɗe ta a zuci. Wanda ya sami hali ya tari ruwa a buta ya fita waje, ya fi, tun da yin alwala a wuri mai tsarki shi ma yana cikin mustahabbai. Idan ba hali, ya yi alwalarsa a ciki, ya jinkirta kalmar shahada sai ya fito.