AIKIN HAƊA ƘOFOFI: JAWABI GA MATASA MASU NEMAN SANA'A

A Nasko, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, kamar sauran garuruwan ƙasar Kontagora, in an gama kaka samari sukan tafi cirani birane. Waɗansu sukan sami aiki a wuraren da ake ƙera ƙofofi. Ga bayanin aikin, domin kowa ya san abin da zai tarar.

Yadda aikin yake

A masana'anta ba mutum ɗaya ke yin ƙofa daga farko har ƙarshe ba, kamar yadda kafintan gari yake yi. Wani ya tsaga katako, wani ya goge, sa'an nan a miƙa wa mai haɗawa. Shi ne zai jera sassan, ya shafa gam, ya matse, ya kafa ƙarafan da ƙyaure ke juyawa a kansu, ya sa makulli da sakata. Yawancin ƙofofin ɗakuna tsawonsu mita 2.1 ne, fāɗinsu santimita 90.

Gwanin haɗi yakan auna ƙyaure daga kusurwa zuwa kishiyarta, ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba, to, ƙyauren ya karkace, ba kuwa zai rufu daidai ba. Haka kuma ba ya karɓar ɗanyen katako. Katako yakan kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Wanda aka haɗa bai bushe ba, iskar hunturu tana bugunsa zai tsage, gaɓoɓinsa su buɗe, kuɗin mai gida ya tafi a banza.

Kula da lafiya

Injin zarto bai san mai shi ba. Kada a cire masa murfi don sauri, kada a kusance shi da babbar riga ko hannun riga mai lilo. A rufe hanci da baki saboda ƙurar katako, gama tana lalata huhu sannu a hankali. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya killace injuna masu haɗari. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta ba wanda ya ji rauni a bakin aiki haƙƙin diyya. Mai aiki ne ke zuba kuɗin asusun, ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Amma lalle a sanar da shi raunin cikin kwana 14.

Takardar shaida

Wanda hannunsa ya faɗa, sai ya nemi shiga jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na uku har a kai na ɗaya. Da wannan takarda, ɗan cirani yakan zama ma'aikaci sosai, ko ya koma gida ya buɗe nasa shagon, ya koya wa ƙannensa.